Ƙwaryar Da Ke Kan Gawo

Duk ɗalibin da ya ratsa ajin Malam Uwaisu a wata sakandare da ke Yalwawa a garin Dutse ya san labarin ƙwaryar nan, ya kuma ji shi har ya gundure shi. Turanci Malam Uwaisu yake koyarwa, kuma Allah ya ba shi iyawa, sai dai in ya kama misali ɗaya ba ya sakinsa sai ya tatse shi tas. Yara har suna suka laƙaba masa a bayan idonsa, Malam Ƙwarya. Ya sani sarai, yana dai yi kamar bai sani ba.

Ran Litinin ɗin nan da hantsi ya rubuta kalmar signify a allo, ya ja mata layi, ya juyo yana kaɗe allin hannunsa.

"Ma'anarta abu ya tsaya a madadin magana, ya alamta ta," in ji shi. "Kada ku cakuɗa min ita da indicate da muka yi wancan makon. In kun hangi hayaƙi kun san da wuta, wannan nuni ne kawai, ba wanda ya zauna da hayaƙi suka yi shawara. Ita kuwa wannan, galibi sai mutane sun yarda a tsakaninsu cewa in an ga kaza, to kaza ake nufi. Misali..."

"Ƙwarya!" ajin ya ɗauka baki ɗaya.

"Ƙwaryar dai, marasa kunya," ya ce yana dariya, ya kuma ba su labarin daga farko, tun da su suka ja.

A ƙauyensu da ke bayan Aujara mahaifinsa, marigayi Malam Idirisu, yana da gona. A gefenta na gabas akwai wani tsohon gawo, can gaba da gawon kuma rugar Baffa Bubayero take. Tun kafin a haifi Uwaisu mutanen nan biyu suka ƙulla amana. In kaka ta yi, an kwashe gero an rore wake, shanun Baffa Bubayero ne ke shiga gonar su ci kara da harawa, su kwana a ciki, su bar mata taki. Mutane sun sha cewa Malam Idirisu ya cika wauta da yake barin harawa a gona alhali ana ɗaure ta a kai kasuwa. Shi dai ya ce gonarsa ta fi ta kowa baƙar ƙasa, kuma ya san dalili.

Matsalar ɗaya ce, kunya. Baffa Bubayero ko shanunsa za su rame su zama ƙashi ba zai tako ya ce "Kun gama?" ba, don a wurinsa wannan roƙo ne. Malam Idirisu shi ma ba zai iya zuwa ruga ya ce "Ku zo ku ci" ba, don kada ya yi kama da gori. Sai suka sami mafita. Akwai wata ƙwaryar nono mai zane da aka taɓa kawo wa gidan Malam Idirisu daga ruga, ta tsage a baki aka ɗinke ta. Ranar da gona ta tashi, sai Malam Idirisu ya rataye ta a reshen gawon nan. Da an hango ta daga ruga, shi ke nan, magana ta isa. Shekara da shekaru haka ake yi, ba wanda ya taɓa buɗe baki.

Wata yarinya a layin gaba, Safa, wadda ba a rabuwa da ita lafiya sai ta yi tambaya, ta ɗaga hannu.

"Malam, to yanzu da babanku ya rasu, wa zai dinga ratayewa?"

"Ni mana," ya ce. "Ƙarshen mako mai zuwa ma, in Allah ya kai mu."

Gaskiya ya faɗa, amma akwai abin da bai gaya wa ajin ba, kuma bai gaya wa kowa ba. Wannan ce kaka ta farko bayan rasuwar mahaifinsa, gona ta dawo hannunsa, yana zuwa duk ƙarshen mako a kan babur. An rore wake an kai gida, sai ga wani ruwa na ƙarshe ya sauka, waken ya sake zuba 'ya'ya gwanin sha'awa. Tsutsa kuwa ta ce ga garinta. Uwaisu ya ga ba zai zuba ido a cinye masa roro na biyu ba, ya sayo maganin ƙwari mai ƙarfi a kasuwa, ya ari injin feshi, jiya Lahadi ya feshe gonar kaf. Da ya zo haɗawa ma sai da ya ƙara murfin kwalba guda a kan ƙa'ida, wai don ya kashe har jikokin tsutsar. Ya gama ya kafa sanda ya ɗaura mata jar leda, kamar yadda manoman yanzu ke yi don makiyaya su san an yi feshi.

Mahaifiyarsa, Inna, ita ya ɓoye wa. Inna ta tsani maganin nan, dafi take ce masa, kuma marigayi bai taɓa zuba shi a gonarsa ba. Uwaisu ya san in ta ji, faɗan zai kai shi har Dutse ya dawo da shi. Don haka ya ɓoye injin a gidan maƙwabci, ya wanke hannu da sabulu, ya shigo gida kamar ba shi ba. Da ta ce masa, "Wake ya shigo gida, ƙwaryar babanka fa?" sai ya ce, "Sai na dawo, Inna," ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Yana cikin rubuta jimlar misali a allo wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ba ya ɗaukar waya a aji, amma da ya ga Inna ce sai ya fita bakin ƙofa, don ita ba ta kira sai da dalili.

"Kai, na hutar da kai," in ji ta, muryarta wasai, rabon da ya ji ta haka tun kafin rasuwa. "Na ga kana ta jan ƙafa. Na ce kada mutumin nan ya zaci an binne amana tare da babanka. Da sassafe na lallaɓa da sandata na rataye ƙwaryar. Ka ga tsohuwa da gora tana ta miƙa, da ka sha dariya. Yanzu haka ina jiyo kukan shanun, sun daɗe da shiga."

Allin da ke hannunsa ya faɗi.

"Uwaisu? Kana jina?"

"Inna," ya ce da ƙyar. "Inna, akwai magani a waken nan. Jiya na fesa."

Bai ji salati ba, bai ji faɗa ba. Abin da ya ji kawai ƙarar wayar da ta bugi ƙasa, sai kaji suna kuka can nesa a tsakar gidansu.

Bai koma ajin ba, bai nemi izinin kowa ba. Yana tafiya wurin babur yana kiran Ziyad, babban ɗan Baffa Bubayero, wayar ta ƙi shiga. Ya sake kira, ta ƙi. Ya kira maƙwabcin da ya ara masa inji, matarsa ta ce ya tafi kasuwa. Ya samu wani likitan dabbobi da ya sani, ya yi masa kwatance cikin kame-kame, har sai da mutumin ya ce ya nutsu ya sake faɗa. Yadda ya fita daga Dutse ya bar duwatsun garin a bayansa, wannan ko shi ba zai iya ba da labari ba. A hanya yana ta lallashin kansa. Ai na kafa leda. Ai Baffa ba yaro ba ne, zai gani. Ai raɓa ta wanke rabin maganin. Duk hujjar da ya kama sai ta suɓuce, don ya san murfin da ya ƙara.

Tun daga burtali ya fara jin warin maganin, gauraye da wani warin da bai sani ba. Ya yar da babur a bakin gona ya ƙarasa da ƙafa. Da ya ɗaga ido sai ya yi mutuwar tsaye.

Shanu ne kwance ko'ina a cikin waken, kamar an watsa buhuna. Wasu sun riga sun miƙe ƙafa, ciki ya kumbura. Wasu suna karkarwa, kumfa na zuba daga baki, suna yunƙurin tashi suna komawa. Wani bijimi da Uwaisu ya sani tun yana maraƙi ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba ya kafe ƙaho a ƙasa, numfashinsa kamar ana zuga zugazugi. Matan ruga suna ta gudu da ƙore da galan, ana ɗura wa na raye manja da madara, ana buɗe musu baki da ƙarfi. Waɗanda aka samu aka kora waje sun taru a ƙarƙashin gawo suna kuka. A samansu ƙwaryar na rataye, iska na ɗan juya ta.

Sannan ya ga Inna. Matar da ko zaure ba ta leƙawa ba mayafi, ga ta a tsakiyar gona ba mayafi ba takalmi, ƙaya ta yayyage mata ƙafa, sandarta ta karye biyu wajen korar shanu. Tana zaune dirshan a ƙasa, ta ɗora kan wata farar saniya mai karyayyen ƙaho a cinyarta. Uwaisu ya gane saniyar. Da Malam Idirisu yana jinyar ajali, ba abin da cikinsa ke karɓa sai madara, kuma madarar wannan saniyar ake aiko masa kullum daga ruga. Saniyar ta riga ta tafi, Inna na ta shafa mata goshi.

"Inna," ya ce.

Ko ɗago kai ba ta yi ba.

Sai ji ya yi an cakumi wuyan rigarsa ta baya an juyo shi. Ziyad ne, ƙato mai faɗin kafaɗa, wanda suka yi wasan ƙasa tare, suka sha fura a ƙwarya ɗaya. Idanunsa sun kaɗa sun yi jajir.

"Kai ka fesa?"

"Ni ne."

"Ka fesa, sannan aka rataye mana ƙwarya? Me muka yi muku? Uwaisu, me muka yi muku?"

Mutanen ƙauye sun fara taruwa ta yamma, na ruga ta gabas, kowa da abin da ke hannunsa, wasu sanda wasu fartanya. Ba wanda ya zo da niyyar faɗa, amma kowa a wurin ya san da ƙaramin abin da bai kai wannan ba an ƙona garuruwa. Uwaisu ya rufe ido yana jiran duka, kuma har ga Allah ya so a dake shi.

"Sake shi."

Baffa Bubayero ne. Bai ɗaga murya ba, dama bai saba ba. Dogon tsoho ne siriri, malafa a kansa, sanda a kafaɗa, yana tsaye a kan gawar wata karsana. Ziyad ya saki rigar, ya juya baya ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro.

Uwaisu ya ƙarasa ya zube a gaban tsohon. "Baffa, wallahi na kafa alama. Na kafa jar leda. Ga ta can."

"Na gan ta," in ji Baffa Bubayero.

Uwaisu ya ɗago.

"Ziyad ya nuna min. Ya ce, Baffa, kamar an yi feshi, mu dakata. Har warin ma ya ce yana ji. Na ce masa leda ta kowa ce, iska ma tana rataye leda, wari kuma daga gonar wani yake. Ƙwarya kuwa bakin Idirisu ce." Ya dubi gawon. "Ni na buɗe musu hanya da hannuna."

Wannan magana ta fi wa Uwaisu duka ciwo. Duk tsawon hanya fatansa tsohon ya ga ledar. Ashe ya gani, yarda ce ta sa ya tsallake ta.

Kafin azahar mahauta sun iso a kan babura. Su kam ko a ina saniya ta faɗi sai ka ce ungulu ce ke kai musu labari. Suka fara zagaye waɗanda ba su gama cikawa ba, ɗaya har ya zaro wuƙa yana cewa a yanka kafin su zama mushe, a rage asara. Baffa Bubayero ya gitta masa sanda.

"Abin da ya kashe saniya ba zai shiga cikin ɗan Adam ta hannuna ba. Ku koma."

Suka koma suna ƙunƙuni. Likitan dabbobi ya iso ya yi wa na raye allura, wasu suka tashi, wasu suka bi 'yan'uwansu. Da la'asar aka haƙa rami a ƙarshen gonar, mutanen ƙauye da na ruga tare, ba mai kallon idon wani. Fiye da rabin garken aka ja aka zuba a ciki. Uwaisu ya haƙa har tafin hannunsa ya fashe, ba wanda ya hana shi, ba kuma wanda ya ce masa sannu.

Kwanakin da suka biyo baya bai koma makaranta ba. Yana zaune a zaure yana jiran 'yan sanda, ko sammaci, ko ɗan aiken mai gari. Ba wanda ya zo. Ya tafi ruga da dattawa biyu ya ce a karɓi gonar gaba ɗaya, aka shimfiɗa musu tabarma, aka kawo musu nono, aka tambaye su gida da iyali, aka rako su har burtali. Maganar gona ko amsa ba ta samu ba. A gida kuma Inna tana dafa masa abinci ta ajiye, ta amsa gaisuwarsa, ta shige ɗaki. Faɗan da ya guda, yanzu da za ta yi masa ko kalma ɗaya da ya gode wa Allah.

Ran Juma'a da safe aka yi sallama. Uwaisu ya fito ya tarar da Baffa Bubayero a ƙofar gida shi kaɗai. Can bayansa a kan burtali ragowar shanun ne ke wucewa, da jakuna ɗauke da kayan bukkoki, mata da ƙore a ka. Ba sai an gaya masa ba, ruga ta tashi.

Tsohon ya nemi a yi masa iso. Inna ta fito ta durƙusa daga bakin zaure, lulluɓe da mayafi, suka gaisa doguwar gaisuwa kamar ba abin da ya faru.

"Baffa," in ji ta, "ni na rataye. Yaron nan bai sani ba. Ni ma ban san..."

"Na sani, Hajiya. Na ga sawunki a gindin gawo, da sawun sandarki. Ba wanda ya nufe mu da sharri a gidan nan. Na gaya wa yarana, duk wanda ya ɗaga maganar nan a ko'ina ban yafe masa ba. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa."

"To ku zauna mana," Uwaisu ya ce. "Baffa, don Allah ku zauna. Baɗi..."

Tsohon bai dube shi ba. Ya sa hannu a cikin babbar rigarsa ya fito da ƙwaryar, an wanke ta fes, ɗinkin bakinta na nan yadda yake. Ya sunkuya a hankali ya kife ta a ƙasa a gaban Inna.

"Ni na yafe," ya ce. "Amma baɗi in na hango ta a kan gawo, sai na aiko a tambaya. In kuwa sai an tambaya, to me ta rage?"

Ya yi musu sallama, ya saɓa sandarsa, ya bi bayan shanunsa. Uwaisu ya bi shi da ido har ya sha kwana a bayan rumbuna, bai waiwayo ba.

Inna ta daɗe a durƙushe. Daga baya ta ɗauki ƙwaryar da hannu biyu ta rungume ta a ƙirji, ta ɗago ta dubi ɗanta ido cikin ido, karo na farko tun ranar Litinin. Ya sunkuyar da kai ya shirya, yana cewa a ransa, yau dai faɗan zai sauka.

"Da ka gaya min ka yi feshi," ta ce a hankali, "me zan yi maka?"

Ta gyara riƙon ƙwaryar, ta amsa da kanta.

"Faɗa zan yi maka, Uwaisu. Faɗa kawai."

Ta miƙe ta shiga gida da ƙwaryar, ta bar shi a zaure.